Filin Tambaya da Amsa: Hoton Tsohuwar Bindigar Gado

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na masu sha'awar ɗaukar hoto. Tun da muka yi maganar hoton dawaki da mahaya a fitowar da ta wuce sai saƙonni suka yi ta shigowa kan abu ɗaya, wato tsofaffin bindigogin gado da ke rataye a zauruka da ɗakunan tsofaffi a Katsina da Daura, bindigar toka, adaka, harba-ruga, kowane gida dai da yadda suke ce mata. Na haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, wanda bai ga tashi ba ya yi haƙuri, in sha Allahu amsarshi na ciki.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan ana lafiya ya aiki. Don Allah akwai bindigar kakanmu da muka gada, yana cikin 'yan bindigar Sarki tun zamanin Sarki Usman Nagogo, tana da zobban tagulla a jikinta sannan an naɗe ƙotar da jar fata. Ina so in ɗauke ta hoto in tura ma 'yan uwa da ke nesa amma wallahi duk wanda na ɗauka sai ƙarfen ya fito fari fat ba ka ganin komai, itacen kuma baƙi ƙirin. Wayata mai kyau ce fa. Mi ke kawo haka? Daga wani ƙanenka a Ƙofar Durɓi, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinshi. Kafin mu taɓa maganar hoto bari in fara da abin da ya fi hoto muhimmanci. Irin waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura su, kuma sau da yawa tsoho zai ɗura ya rataye, rai ya yi halinshi, babu wanda ya san da ɗuri a ciki. Albarushi kuwa in dai bai sha ruwa ba yana iya shekaru da yawa bai mutu ba. Don haka kar ka taɓa kunamar, kar ka juya bakinta wajen mutum, kar ka bar yara su zagaye ka, ka nemo maƙeri ko tsohon maharbi wanda ya san kanta ya zura sandar ɗuri ya auna ya tabbatar maka babu komai a ciki. Sai ya ce maka wayam take sannan mu shiga aiki.

To yanzu ga matsalarka. Ban ga hoton ba amma na san filasha ka kunna, ko kuma ka fito da ita tsakar gida da rana tsaka. Wayarka ba ta da laifi. Ƙarfe da tagulla kamar madubi suke, ba su da wani hoto nasu sai abin da ke gabansu suke nuna maka, in ƙaramin haske mai ƙarfi ne a gabansu irin filashar waya, wadda take manne da idon kyamarar, to hasken zai daki ƙarfen ya dawo kai tsaye cikin kyamara, shi ne wannan farin da kake gani. Ita kuma wayar da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya don ta gyara, nan take itacen da fatar su nutse cikin duhu. Ka ga an yi biyu babu kenan.

Maganin shi ne haske mai faɗi mai laushi wanda zai zo daga gefe. Kuma mu nan Allah ya hore mana shi kyauta, zaure. Ka shimfiɗa abinka a ƙasan zaure kusa da ƙofa, taku biyu ko uku daga bakin ƙofar, a lokacin da rana ba ta shigowa ciki kai tsaye. In ƙofar gabas take kallo ka bari sai bayan azahar, in yamma take kallo ka yi da safe. Ka kwantar da bindigar yadda tsawonta zai bi faɗin ƙofar, hasken ya kwanta mata tun daga baki har gindi, za ka ga wani siririn layin haske ya bi ƙarfen tiryan-tiryan ba tare da ya ƙone ba, wannan layin shi ne ke nuna ma ido cewa abin nan zagayayye ne kuma ƙarfe ne. In ka ga rana ta matsa sai ta shigo, ka sa mutum biyu su riƙe farin zanen gado ko farin alawayyo a bakin ƙofar, hasken ya ratso ta cikinshi, duk zafin zai mutu.

Sai ɓangaren da ba ya kallon ƙofa, shi zai yi duhu dole. Kar ka ce za ka kunna mashi tocila. Farin kwali irin wanda 'yan makaranta ke saye su yi zane, guda ɗaya ya isa, ka jingina shi a ɗaya gefen yana fuskantar ƙofa, zai maido hasken kan inuwar a hankali. Ka riƙa matso da shi kana ja da shi baya kana kallon allon wayar, da idonka za ka ga ɗinkin fatar nan ya fara fitowa, ka ga inda hannun kaka ya cinye jan ya koma baƙi-baƙi saboda yawan riƙo. Ni a wurina wannan wurin da hannu ya cinye ya fi zobban tagullar daraja a hoto, don shi ne shaidar mutum ya riƙe ta shekara da shekaru.

Abu na ƙarshe a hannunka yake. Ka goge idon kyamarar da gefen riga, ka dangwala yatsa a kan ƙarfen a allon wayar, wata 'yar alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa kaɗan har sai farin ya daina cin ido. Gara hoto ya ɗan yi duhu a ƙara mashi haske daga baya, amma wurin da ya ƙone fari babu editin da zai dawo da shi. Kuma in lokacin hunturu ne da hazo ya rufe rana, wajen Disamba zuwa Janairu, to ko a tsakar gida ma za ka iya yi don hazon kanshi ya tace maka hasken, sai dai ka yi sauri saboda ƙura, minti kaɗan za ka ga ta kwanta a kan ƙarfen kuma kyamara ba ta ɓoye ta.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni mace ce, babanmu maharbi ne ya rasu ya bar bindigarshi da layunta da ƙahon albarushi. Na ɗora ta kan sabuwar darduma ja mai furanni don ta yi kyau na ɗauka, amma sai dardumar ta fi fitowa, bindigar ma kamar ta yi ja. A kan mi ya kamata in ɗora ta? Daga wata 'yar uwa a Daura.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya gafarta ma Baba ya sa ya huta. Na gane niyyarki, kin ɗauko abin da ya fi kyau a ɗaki don ki girmama kayan mahaifi, kuma hakan daidai ne a zuciya, sai dai kyamara ba haka take lissafi ba. Ido yana fara zuwa ne wurin da launi ya fi ƙarfi da wurin da zane ya fi yawa, to furannin darduma sun riga bindigar kama ido. Jan da kika gani a jikin ƙarfen kuma ba idonki ba ne, launin dardumar ne ƙarfen ya ɗauka ya nuna. Haka zai yi da kore, haka zai yi da shuɗi mai haske. Saboda haka atamfa, leshi, darduma mai zane, tabarmar roba mai launi-launi, duk ki ajiye su gefe. Shadda ma ban yarda da ita ba ko da kuwa mara zane ce, saboda sheƙinta, za ta riƙa gasa da ƙarfen.

Mutane da yawa daga nan sai su ce to bari a sa fari tas ko baƙi wuluk. Su ma suna da nasu. Ita kyamara, ta waya ce ko babba, an gina ma'auninta ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabanta in aka haɗa shi zai tashi ruwan toka matsakaici, wanda masu hoto ke ce ma toka mai kashi 18 cikin ɗari. In kika cika mata ido da farin zane sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, farin ya koma dishi-dishi bindigar ta koma baƙar sanda. In baƙi kika shimfiɗa sai ta ƙara, ƙarfen ya ƙone, gefen itacen kuma ya ɓace cikin baƙin ba a san inda ya ƙare ba. Ana iya yi da su amma sai wanda ya iya juya saitin hannu. Ke dai nemi yadi ruwan toka ko ruwan ƙasa mara sheƙi, yadi biyu ya isa, ki goge shi da dutsen guga sosai don duk wata tattara sai ta fito a hoto.

In kuma kina so hoton ya yi ƙamshin gida, wanda ni shi na fi so ga kayan maharbi, akwai abubuwan da suka dace da ita tun asali. Tsohon gwado na saƙi wanda ya sha wanki launinshi ya kwanta. Tabarmar kaba wadda ba a rina ba, amma ki lura saƙarta na da ƙananan layuka, in kika matso kusa sosai za su dame hoton, ta fi kyau a hoton nesa. Buzu ma yana yi in gashin gajere ne, mai dogon gashi yana haɗiye kunama da ƙananan sassa. Sannan bangon jar ƙasa irin na tsofaffin gidajen cikin birni, wallahi ban san bangon da ya kai shi karɓar tsohon itace da baƙin ƙarfe ba, launinshi a kwance yake kuma ba ya ƙyalli. Sai dai kar ki manna ta da bangon, in ta manne inuwarta za ta fito baƙa a jikinta har a rasa wace ce bindiga wace ce inuwa. Ki ba da tazara kamar kamu biyu, ko in a ƙasa take ki sa ƙananan katako biyu a ƙarƙashinta inda ba za a gani ba su ɗan ɗaga ta, inuwar sai ta yi laushi ta koma ƙasa.

Maganar ƙaho da layu kuwa, ki yi hoto iri biyu. Ɗaya bindigar ita kaɗai ba komai kusa da ita. Na biyu ki ajiye ƙahon albarushin da jakar a ƙasanta, ba a kanta ba, kuma iyakar kayan da Baba ya yi aiki da su da gaske, kar a ƙaro takobin aro ko tulu don ado. Layun da ke ɗaure a jikinta kar ki kwance su don hoto, yadda ya bar su haka za a ɗauka, jikoki su gani.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin tarihi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ina bincike kan makaman gargajiya. Wani dattijo ya nuna mani bindiga mai wani rubutu da tambari a gefen ƙarfen wajen kunama, da ido ina ɗan gani amma a hoto ba ya fitowa sam. Ya zan yi? Kuma rubutun zai iya gaya mani shekarunta?

AMSA: Madalla da wannan bincike, Allah ya ba da sa'a. A nan dokar da na ba ƙanenmu na Ƙofar Durɓi za ta ɗan juya. Haske mai laushi yana cike ramuka, shi kuwa rubutun da aka buga a ƙarfe rami ne mara zurfi, in ba inuwa a cikinshi ba za a karanta ba. To sai ka shiga wuri mai ɗan duhu, ka ɗauki tocila ƙarama ka kwantar da ita kusan daidai da fuskar ƙarfen, hasken ya shafo shi daga gefe, sai kowane harafi ya cika da inuwa ya tashi. Ka ɗauka hasken na zuwa daga hagu, ka sake daga dama, ka sake daga sama, domin harafin da ya ɓuya a wannan zai fito a wancan. Wayar kuma kar ka riƙe ta a hannu, ka ɗora ta kan littattafai ko ƙafar kyamara ka sa mata taima na sakan 3, kuma kar ka kai ta kusa har ta kasa kama abin, ka ja baya kaɗan ka yi zumin 2x. Ka ajiye rula a gefe a hoto ɗaya don a san girman tambarin. Wasu na shafa alli a cikin rubutu don ya fito, ni ban ba ka shawarar haka ba, alli na riƙe danshi kuma kayan ba naka ba ne.

Abin da za ka iya cin karo da shi, yawancin bindigogin fatauci da suka shigo Afirka ta Yamma an ƙera su ne a Birmingham ta Ingila da kuma Liège ta Beljiyam. Birmingham na da gidan gwajin bindiga tun 1813, tsohon tambarinsu sanduna biyu ne na sarauta a gicciye da kambi a sama. Na Liège haruffa uku ne, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Wani lokaci kuma za ka ga an rubuta TOWER da hoton kambi a farantin gefe, wato ƙarfen da ke gefen bindigar wajen kunama, wannan asalinshi alamar kayan gwamnatin Ingila ce amma 'yan kasuwa sun yi ta kwaikwayonta a kan bindigogi masu araha, don haka ganinta kaɗai ba hujja ba ne. Sannan ka riƙe wannan a bincikenka, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a babban yankin Afirka wanda ƙasar Hausa ke ciki, amma ta bar ƙofa ga irin tsofaffin nan masu dutsen ƙyastu, shi ya sa aka ci gaba da kawo samfurin da Turai ta daɗe da daina yayi. Ma'ana bindiga na iya kama da ta shekara ɗari biyu alhali ba ta kai ba.

Kuma maƙeranmu ba su zauna ba. Sukan ciro farantin tsohuwar bindigar waje su ɗora a sabon bututu, su sassaƙa sabuwar ƙota da itacen gida. To tambarin da ke jikin farantin, shekarun wannan farantin kawai zai nuna maka, ba na bindigar duka ba. Saboda haka ka ɗauki kowane sashe daban, gefen dama, gefen hagu, sama, baki, gindi, wurin da aka yi gyara ko ɗauri da waya, ka kuma rubuta abin da dattijon ya faɗa maka a ranar, wa ya ba wa, a wane gari. Ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke nan Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ma'aikatan wurin sun san yadda ake rubuta bayanin kayan tarihi. In za ka ɗauki wani abu da ke cikin gilashi a can ka nemi izini tukuna, ka kashe filasha, ka matso da idon wayar dab da gilashin don kar hotonka ya fito a ciki.

TAMBAYA: Yallaɓai tamu ta yi tsatsa ta yi baƙi, na ce bari in sa samfefa da man goge tagulla in wanke ta tas kafin hoto, yayana ya hana. Wa ke da gaskiya? Daga Mashi.

AMSA: Yayanka ke da gaskiya, ka gaishe shi. Don Allah kar ka kusance ta da samfefa. Wannan duhun da ke jikin ƙarfe da tagulla shekaru ne suka yi shi, in ka kankare ba ya dawowa, kuma tare da shi za ka kankare duk wani tambari da ya rage. Masu tara irin waɗannan kaya a duniya suna rage ma wadda aka goge daraja sosai. Ga shi kuma mai duhun ta fi sauƙin hoto nesa ba kusa ba tunda ba ta ƙyalli. Busasshen tsumma mai laushi da burushin fenti sabo don ƙurar lungu, shi kenan. In jar tsatsa ce mai ci, ɗigon man keken ɗinki a tsumma ka shafa a ƙarfen kaɗai ban da itace da fata, amma bayan an gama hoto, don mai na sa sheƙi. Ka riƙe ta da tsumma ko safar hannu, gumin yatsa na barin shaida a ƙarfe.

TAMBAYA: Oga ina da ɗan shagon hoto wajen Ƙofar Ƙaura, ina da kyamarar Canon da ring light ɗaya da fitilun caji. Wani bawan Allah zai kawo bindigogin gidansu guda uku in ɗauka mashi don ya buga a ajiye, kuma da dare zai zo. Wane saiti zan yi? Dogaye ne sosai.

AMSA: Abokin aiki sannu da ƙoƙari. Ring light ɗin nan, wato fitilar nan mai siffar zobe, ka bar ma masu kwalliya, in ka haska ƙarfe da ita kai tsaye zobenta zai fito ɓaro-ɓaro a kan kowace tagulla. In ita kaɗai ce mai ƙarfi a shagon to ka juya ta ta kalli farin bango ko silin, hasken ya daki bangon ya dawo, ko ka rataya farin yadi tsakaninta da bindigar, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga fitilar. Abin da kake nema shi ne hasken ya fi bindigar faɗi ko ya kusa, tunda doguwa ce, in ba haka ba tsakiya zai yi haske baki da gindi su yi duhu. Fitilun caji biyu a bayan dogon farin yadi, ɗaya wajen baki ɗaya wajen gindi, sun fi fitila ɗaya mai ƙarfi a tsakiya.

Kar ka haɗa fitilu masu launi daban. Ƙwan da ke ba da ruwan ɗorawa yana wajen 2700 zuwa 3000 a ma'aunin Kelvin, wato ma'aunin launin haske, farin LED mai shuɗi-shuɗi yana kai 6500, hasken rana kuma wajen 5500. In ka cakuɗa su rabin ƙarfen zai yi ja rabi shuɗi kuma babu yadda za ka daidaita. Ka kashe ƙwan shago, ka bar iri ɗaya, ka saita farin kyamara da farar takarda.

Saiti kuwa, kyamara kan ƙafarta, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka sa shi 100, buɗin lensi f/8 zuwa f/11 don komai ya fito tar, shata kuma ka bar ta ta yi jinkirin da take so ko da sakan ɗaya ne tunda bindiga ba motsi take ba, ka sa taima don kar hannunka ya girgiza. Jinkirin ma zai taimake ka da fitilun LED masu rawa da ke sa layi-layi a hoto. Kar ka yi amfani da lensi mai faɗi ka matso kusa, zai lanƙwasa maka bututun ya zama kamar ya tanƙware, ka ja baya ka yi da lensin 50mm ko sama, kuma fuskar kyamara ta yi daidai da kwanciyar bindigar, ba a karkace ba. In a ƙasa ka shimfiɗa ta sai ka hau tebur ko tsani ka ɗauko daga sama. In kana da gilashin CPL ka ɗaura, yana kashe ƙyallin itace mai fenti da na fata, amma ka sani ba ya aiki a kan tsiraicin ƙarfe, shi ƙarfe sai dai ka canza inda haske ke fitowa. In gefen bututun ya ɓace cikin haske, siririn baƙin kwali a kusa da shi zai zana mashi baƙin layi ya fito. Ka sa riga mara launi kai ma, don jar riga na fitowa a tagulla.

Sannan tunda shagonka za a kawo su, ka tambaye shi takardunsu kuma ka tabbatar an duba ba ɗuri kafin su shigo. In da hali ma ni na fi son ka ɗauki kayan aikinka ka je gidan da rana, yawo da dogayen bindigogi uku cikin dare a garin nan ba abin da zan so maka ba ne ko shi.

TAMBAYA: Malam in na ɗauka zan iya sawa a Facebook da TikTok? Ina so in riƙe ta in sha rawani a ɗauke ni. Daga wani matashi a Zango.

AMSA: Ɗana, na san sha'awa ce da alfahari da gida, ba wani abu ba, amma ka dubi halin da jiharmu ke ciki. Shekarun nan mutanenmu da yawa sun rasa rayuka da dukiya a hannun ɓarayin daji, jami'an tsaro kuma idonsu na kan duk hoton matashi da makami, wanda zai gani a waya bai san ta kakanka ba ce, bai san ko tashi ba ta yi. Hoto kuma in ya fita ya fita, wani zai iya ɗauka ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasanshi. Shawarata kar ka riƙe ta a hoton da za ka watsa. In hoton rawani kake so, ga hawan Sallah ga Sallar Gani nan Daura, 'yan bindigar Sarki na fitowa a bainar jama'a da kayansu kowa ya san su, wanda gidansu ke cikin wannan hidima a nan ne hotonshi ke da ma'ana kuma ba mai tambaya.

Ta fuskar doka, dokar bindigogi ta Najeriya tun ta 1959 ta kasa su gida uku, akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan irin namu na ɗuri ta baki maganarsu na wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kasancewarta ta gado ko tsohuwa ba ya fitar da ita daga lissafi kai tsaye, don haka babba a gidanku ya je ya yi tambaya a hedikwatar 'yan sanda, ya kuma sanar da mai unguwa ko dagaci cewa akwai ta.

In za ka ɗauki hotonta ita kaɗai don 'yan uwa, ka shiga saitin kyamara ka kashe lokeshan tukuna, don waya na liƙa wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. Ka duba kar ƙofar gida ko lambar gida ko fuskar yara su fito a baya, in akwai lamba a jikin ƙarfen ka rufe ta a wanda za ka tura, ka bar cikakken a wurinka. Wajen turawa a WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin dokumen, in ka tura shi yadda aka saba zai matse shi duk ƙananan zanen da ka sha wahalar fitowa da su su dushe. Ka kai guda biyu ko uku a wanke maka a takarda, a rubuta sunan mai ita da garinsu da sana'arshi a baya, a ba babbar yaya ko wani dattijon gida ya ajiye.

Sauran tambayoyin da suka shafi hoton takubba da sulke da lifidi sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.